Sabis a cike amma bidiyo na tsayawa: in ƙara mesh ko in sayi sabo?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan Mabera ne nan Sakkwato. Gidanmu babban gida ne, daga zaure zuwa katangar baya ya kai mita 45. Shekara biyu da sunka wuce munka sayi mesh mai guda biyu, munka haɗa da rautar 4G da ke falona, guda a falon, guda a shiyyar Inna. Lafiya lau muke har anka gina bene can baya, ƙanena ya tare da iyalinshi, munka ƙaro guda anka kai mashi. Yanzu waya tana nuna sabis cike, amma bidiyo sai shi riƙa tsayawa, kiran WhatsApp yana yankewa, balle da dare. Mai shago ya ce in aje waɗanga in sayi sababbi guda huɗu masu Wi-Fi 6 ko 7. Mi kaka gani, in ƙara ko in sake? Kuma ina son sabis shi kai zaure inda Baba ka zama da baƙi."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba da Inna lafiya, ya sa albarka a sabon ginin.

In na fahimce ka, abu uku kake son sani: dalilin da sabis ke cika amma aiki ba ya tafiya, ko sababbin na'urori za su yi magani, da yadda za a kai waifai zaure. Zan faɗa maka inda na dosa tun yanzu. Kada ka ajiye komai tukuna. A irin gidan da ka kwatanta, kebul guda da aka ja da kyau daga falonka zuwa bene ya fi sababbin na'urori huɗu amfani, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar nasu ba. Na daɗe ina wannan aiki a gidaje da ofisoshi a garin nan, kuma mafi yawan waɗanda suka kira ni a kan mesh ya lalace, wato jerin na'urorin nan da ke miƙa wa juna waifai don ya game gida, in na je sai in tarar na'urorin lafiyarsu ƙalau, hanyar da ke tsakaninsu ce ta shaƙe.

Abin da sandunan waya ke faɗa

Sandunan waifai da kake gani a saman waya labari ɗaya suke bayarwa: ƙarfin muryar na'urar da ta fi kusa da kai. Ba ruwansu da abin da ke bayanta. Kafin bidiyo ya isa hannun ƙanenka a bene, sai ya yi zango uku. Na farko daga turken kamfanin waya zuwa rautar 4G ɗin falonka. Na biyu daga uwar mesh, wato wadda aka soka wa rautar, zuwa 'ya'yanta da ke sauran shiyyoyi. Na uku daga 'yar da ke bene zuwa wayarsa. Sanduna zango na uku kaɗai suke aunawa, kuma shi ne mafi gajarta. Kamar mutum ne tsaye gaban sabon kan famfo yana ta murɗawa, alhali tankin sama babu ruwa, ko kuwa fayif ya toshe a hanya.

Saboda haka kafin ka kashe ko sisi, ka ba wa kanka kwana biyu na awo. Ɗauki waya ɗaya, kada ka canza ta, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest. Auna a falonka kusa da uwa, auna a shiyyar Inna, auna a bene. Ka yi haka da hantsi, ka sake bayan la'asar, ka sake bayan isha'i, ka rubuta a takarda. Lambobi tara ke nan a rana, kuma su za su faɗa maka gaskiyar da mai shago ba zai iya gani daga kantinsa ba.

A ce da hantsi falo ya ba ka megabit 30 (da megabit ake auna gudun intanet), bene ya ba ka 5. To laifin zango na biyu ne, intanet ta shigo gida amma ta kasa ƙarasawa baya. In kuma bayan isha'i falon kansa ya faɗo zuwa 4 ko 3, wannan ba ciwon mesh ba ne sam. Turken 4G na unguwa kowa ke sha daga gare shi, in dare ya yi duk Mabera ta ɗauki waya, rabon kowa sai ya ragu. Ko mesh na zinare ka saya ba zai ƙara ɗigo ɗaya a kan abin da ya shigo ba. Maganin wannan daban ne: a ɗaga rautar sama kusa da tagar da ke fuskantar turke, a sa mata eriyar waje in tana da gurbinta, a gwada layin wani kamfani na mako guda, ko a sauya tushen gaba ɗaya zuwa Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ko kebul ɗin gilashi, wato faiba, in ya iso layinku. Daga yadda ka ce abin ya fi tsanani da dare amma da rana ma yana yi, ina kyautata zaton duka biyun ne suka haɗu maka.

Me ya faru da aka ƙaro ta uku

Ka san a masallacin idi ko babban masallacin Juma'a, in lasifika ta mutu, akan sami mai ɗaga murya yana maimaita kabbarar liman don sahun baya su ji. Abu biyu ne game da shi. Dole ya saurara tukuna kafin ya faɗa, ba ya ji da faɗa lokaci ɗaya. Kuma dole ya tsaya inda yake jin liman sosai. In ka kai shi can sahun ƙarshe inda shi ma ba ya ji, muryarsa za ta cika wa na kusa da shi kunne amma ba abin da yake isarwa. 'Yar mesh da ba ta da kebul haka take.

Yawancin mesh masu sauƙin kuɗi da ake sayarwa a kasuwarmu, irin su Deco M4 na TP-Link ko Nova MW6 na Tenda, rediyo biyu gare su, ɗaya a kan gigahaz 2.4, ɗaya a kan gigahaz 5. Rediyon da 'yar ke magana da wayoyi da shi, da shi take magana da uwa. Tunda ba ta ji da faɗa lokaci guda a tasha ɗaya, duk tsalle ɗaya yakan cinye kusan rabin gudun. Ta benen nan, nisan ya hana ta jin uwa kai tsaye, don haka ta ɗafe wa ta shiyyar Inna. Tsalle biyu ke nan, rabin rabi, kuma wannan lissafin in hanya fes take ne babu bango. Abin da ya ƙara muni, yanzu ta Inna tana ɗauke da kayanta da na bene, don haka ba mamaki ita ma Inna kiranta ya fara yankewa alhali da can lafiya take.

Sai bango. Faɗin filin da ake rubutawa a jikin kwali an auna shi ne a gidaje irin na Amurka, inda bangon ciki katako ne da siririn allo. Mu kuwa bulo ne mai inci 9, an shafe shi da siminti ciki da waje, ga rodi a cikin dekin, ga ƙofofin ƙarfe, ga ƙarfen taga, ga kwano a sama, ga tankin ruwa a tsakar gida, kuma ruwa na shanye waifai ƙwarai. Tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni ma, masu kaurin bangon nan, ba su fi sauƙi ba. A aikina ina lissafa cewa bangon bulo biyu sun gama da gigahaz 5, dekin kuwa ina ƙirga shi bango biyu shi kaɗai. In gigahaz 5 ya kasa ƙetarawa, na'urorin sai su koma 2.4, mai nisan zango amma marar sauri, wanda tashoshinsa uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma duk rautar maƙwabta a nan take cunkushe.

Akwai manhajojin auna ƙarfin waifai kyauta a wayoyin Android. Suna nuna lamba mai alamar ragi a gabanta. Daga -50 zuwa -60 abu ya yi kyau, -67 nan ne iyakar da nake yarda da ita don kiran bidiyo, in ya wuce -75 kada ka ɗora komai a kansa. Tsaya daidai inda ta bene take, ka duba da wane ƙarfi muryar ta Inna ke isowa. Na tabbata lambar ba za ta yi maka daɗi ba.

Kebul

In aka haɗa 'ya da uwa da kebul, maganar tsalle ta ƙare. Rediyonta gaba ɗaya ya koma na wayoyi, bango da dekin kuma ba su da ta cewa. Kebul ɗin Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar gigabit guda, wato megabit 1,000, har tsawon mita 100, gidanka kuwa mita 45 ne, ko da kwane-kwane ba za ka wuce 70 ba. Yawancin mesh da kansu suke gane an soka masu kebul su koma kansa, ba sai ka saita komai ba. In ramukan uwa ba su isa ba, sai a sa ƙaramin suwici, wato akwatin da ke ƙara ramukan kebul, mai rami 5 ko 8 kusa da ita, kowace 'ya a ja mata nata daga nan.

A nan ne ake cutar mutane, don haka bari in daɗe kaɗan. Kasuwa cike take da kebul mai araha wanda cikinsa alminiyom ne aka yi wa fentin jan ƙarfe. A ido ba ka bambanta su. Feƙe silin waya ɗaya ka kankare shi da reza: in fari ya bayyana a ƙasa, ajiye masa abinsa. Irin wannan yana karyewa a cikin fayif, kuma ba ya jure ɗaukar wuta. Na biyu, kebul ɗin cikin ɗaki mai shuɗiyar riga ko fara ba na waje ba ne. Ranar Sakkwato ba ta wasa da roba. In aka shimfiɗa shi a kan katanga ko kwano, bazara ɗaya ko biyu sai rigar ta tsattsage, damina ta zo ruwa ya shiga. A sayi baƙi na waje, a zura shi cikin fayif ɗin roba, a binne ko a bi da shi ta inuwar bango, kuma kada a haɗa shi fayif ɗaya da wayar wuta. Ɓera da gara ma suna da rabonsu in aka bar shi tsirara.

Na uku shi ne tsawa. Kebul ɗin jan ƙarfe da ya ratsa fili tsakanin gini biyu hanya ce ga wutar tsawa, ko da ba a gidan ta faɗa ba. Na taɓa yin wani aiki a Arkilla, na ja kebul ta sama daga babban gida zuwa ɗakunan baya saboda maigidan ba ya son a fasa masa daɓen tsakar gida. Hadari ɗaya a watan Agusta ya ƙone ramukan na'urorin duka biyu da suwicin da ke tsakani. Laifina ne, na san bai kamata ba na biye masa. Tun daga ranar, in gini biyu ne daban, ko dai a binne kebul a sa masa abin kare tsawa mai haɗe da wayar ƙasa a kowane ƙarshe, ko a ja kebul ɗin gilashi. Gilashi ba ya ɗaukar wuta, sai dai yana buƙatar ƙaramin akwatin juyi a kowane gefe. In benenku mitarsa daban ko solarsa daban, gilashin nake ba da shawara.

In kebul ya gagara ƙwarai, to a gyara mazauni. Kuskuren da kowa ke yi shi ne kai na'ura cikin ɗakin da ba sabis. Wurinta shi ne tsakiyar hanya, inda take jin uwa sosai. Gidajenmu suna da wata falala da na Turawa ba su da ita, wato tsakar gida: fili ne buɗe, waifai na ratsa shi ba wahala. Sa uwa kusa da tagar da ke kallon tsakar gida, ta bene ma a tagar da ke kallon ta, sama da tsayin mutum, ba bayan talabijin ba, ba cikin kabad ba. Akwai kuma na'urorin waje da ake kafawa ƙarƙashin indararo, da masu rediyo uku waɗanda suka keɓe guda don magana tsakaninsu, amma sun fi tsada kuma bango na cin su kamar kowa. Masu bi ta wayar wutar gida kuwa ban ba ka shawararsu ba. A gidan da ake juyawa tsakanin wutar gari da inbata da janareta ba sa zama lafiya.

Maganar Wi-Fi 6 da 7

Mai shago bai yi ƙarya ba cewa sababbin sun fi, sai dai fifikon nasu ba a wurin ciwonka yake ba. Wi-Fi 6 ya fito a 2019, Wi-Fi 7 kuma a farkon 2024. Manyan lambobin jikin kwali tarawa ake yi: AC1200 na nufin megabit 300 a kan gigahaz 2.4 da 867 a kan gigahaz 5, kuma babu wayar da ke samun jimillar. Amma ko tsohon naka, a ɗaki ɗaya da shi, yana iya tura ninkin-ba-ninkin abin da 4G ke kawowa. In megabit 30 ke shigowa gida, faɗaɗa titin cikin gida ba ya ƙara motocin da ke shigowa ta ƙofa. Sabon zangon gigahaz 6 da Wi-Fi 6E da 7 ke taƙama da shi kuwa ya fi na 5 tsoron bango, kuma wayoyi kaɗan ne a gidajenmu ke jin sa.

Inda Wi-Fi 6 ke da amfani na gaske shi ne in na'urori sun yi yawa suna aiki lokaci ɗaya, ya fi iya raba masu lokaci. Don haka tunda dama kana buƙatar ƙarin guda saboda zaure, ga abin da zan yi in ni ne. In sayi guda ɗaya tak mai Wi-Fi 6 daga dangin waɗanda kake da su, in mai da ita uwa, tsohuwar uwar in kai ta zaure. Dangin Deco duk suna aiki tare, tsoho da sabo, haka rautocin Asus masu AiMesh. Amma kada ka haɗa kamfani biyu ka sa ran su zama mesh ɗaya. Akwai ƙa'idar EasyMesh da aka fito da ita a 2018 don wannan, sai dai ba kowace na'ura ke bin ta ba. Duba kuma ramukan kebul: wasu masu araha, irin Deco E4 da Nova MW3, megabit 100 ne iyakarsu. Ga 4G ya wadatar, amma in kana da niyyar Starlink nan gaba, nemi masu gigabit.

Huɗu sun ishe ka, kada ka wuce. Na'urori in sun yi yawa a kusa da juna surutu suke yi wa juna, waya kuma ta rasa wadda za ta bi. Waya ce ke yanke shawarar sauya na'ura, ba mesh ba, shi ya sa wani lokaci ka bar falo ka shiga bene amma tana nan maƙale da ta falo sai ka kashe waifai ka kunna. Kuma ka shiga saitin rautar 4G ka kashe nata waifai ɗin. Mutane da yawa suna barin sa kunne, yana gefen uwa yana hana ta sakat. In ka koma Starlink, ka sani rautarsu ta ƙarni na biyu ba ta da ramin kebul sai an sayi adafta, ta ukun ce ke da shi.

Wuta da zafi

Kowace na'urar mesh abin da take ci bai wuce wat 10 ba ko kusa da haka, huɗu a yini da kwana kusan kilowat-awa ɗaya ke nan. Ba nauyi ba ne ga inbata, amma dole su kasance a kan wutar da ba ta yankewa, musamman uwa da rauta da suwici. In uwa ta mutu duk gida ya mutu. In kuma ta tsakiya ce ke kan wutar gari, duk ɗaukewa sai sauran su sake neman juna, mintuna su tafi. Ƙaramin batirin rauta mai bolt 12 yana maganin wannan, sai dai a duba bolt ɗin da ke jikin adafta kafin a soka. Akwai kuma na'urorin da ke karɓar wuta ta cikin kebul ɗin intanet kansa, ka ga daga inbatar falonka kana ciyar da ta bene. A nan ne kebul ɗin alminiyom ke tona asirin kansa.

Yawancin na'urorin cikin gida an ƙera su ne su yi aiki har zafin digiri 40. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu inuwa ma tana wuce haka, balle cikin silin ƙarƙashin kwano. Kada a ɓoye na'ura a silin don ado, kada a rufa mata ƙyalle saboda ƙurar hunturu. A bar ta a sarari, a riƙa busa mata ƙura. In ka lura sabis na lalacewa tsakanin azahar da la'asar ya dawo da yamma, taɓa jikinta.

Zaure

Zaure shi ne mafi sauƙi, kebul gajere daga falonka ya isa. Abin lura shi ne na'urar da ke zaure ba ta san inda katanga ta ƙare ba, rabin muryarta a titi take. Wayoyin Android tun daga na 10 suna nuna kalmar sirrin waifai a matsayin hoton da wani zai ɗauka da kyamara, don haka yaro ɗaya in ya samu, majalisar ƙofar gida duka ta samu. Na sha zuwa gidan da ake kukan data na ƙarewa da wuri, in buɗe manhaja in ga wayoyin da ba wanda ya san masu su. Buɗe wa zaure layin baƙi mai suna daban da kalmar sirri daban, wanda kusan kowane mesh yana da shi, ka riƙa canza ta duk wata ba tare da ka taɓa ta cikin gida ba. Baƙin Baba sun sami abin da za su yi amfani da shi, kuma ba su ganin kyamarori ko talabijin ɗin cikin gida.

Duk wannan daga kwatancenka na gina shi, ban taka gidan ba, kuma wurin da za a kafa kowace na'ura sai an tsaya a wurin an auna. Turo mini lambobin nan na kwana biyu da sunan samfurin da ke ƙasan na'urorinka, da ɗan zanen gidan ko da biro ne, in nuna maka ta inda fayif zai bi. In kuma mai aiki ya riga ni zuwa, ka ce masa ya zura kebul biyu a fayif ɗin maimakon ɗaya, ya bar igiyar ja a ciki, kuma ya gwada kowane kebul da na'urar gwaji a gabanka kafin a mai da ƙasa.